Mairo Ba Ta Shan Ruwan Sanyi

Duk wanda ya saba cin kasuwar Wara ya san Mairo mai banda. Can gefen da ake sauke kifi take zama, kwandunanta a gabanta, tarwaɗa a nannaɗe baƙa wuluk tana ƙyalli. Ba ta kiran ciniki, ba ta kuma roƙon kowa ya saya. In ka taya mata da raini, kallo ɗaya za ta yi maka ta kau da kai, kai da kanka za ka ji kunya ka ƙara. Amma ba kifin ne ya fi sa a san ta ba. A tsakiyar bazara, lokacin da rana ke dukan mutum har ya rasa inda zai sa kansa, kowa na rububin ruwan leda mai sanyi, Mairo sai ta jawo gorarta da ta wuni a rana ta kurɓi ruwa mai ɗumi kamar na wanka. Baƙi kan yi mata tayi, ta ce ta gode. 'Yan mata masu talla suna ƙus-ƙus wai haƙoranta ne ba sa so. Ƙarya suke yi, haƙoran Mairo lafiyarsu lau, ƙashin kifi take fasawa da su. Manyan kasuwa sun san dalili, shi ya sa ba sa yi mata tayi.

A tunga, ƙauyen masunta, aka haife ta, a tunga ta yi aure. Ubanta masunci ne, innarta mai banda, ita kuma tun ba ta kai tsawon murhu ba take juya kifi a kan waya. Hayaƙi ya rina mata idanu sun yi ja, har wanda bai san ta ba yakan ɗauka kuka ta gama. Mijinta Yusha'u mai kwalekwale ne a Tungar Wakili, wani ɗan tsibiri a tsakiyar tafki da ba ka isa gare shi sai ta ruwa, mutum mai sanyin hali wanda magana ke yi wa wuya. Abin da Mairo ta taso ta sani a sana'arsu shi ne kifi ba ya jira. Da ya bar ruwa zafi ya fara cinsa, kuma hanya biyu ce ta tsare shi: ko wuta, ko ƙanƙara. Wuta ta irin su Mairo ce. Ƙanƙara kuwa ta masu hali ce, masu lodin ɗanyen kifi zuwa birane, kuma kowa a bakin ruwan nan ya san in dai ƙanƙara ta riƙe abu ya yi tauri, to ya tsira.

'Ya'yanta maza sun girma sun bi ruwa. Yasira ce auta, ita kaɗai ce mace, kuma Allah ya zuba mata surutu. Ta iya kwaikwayon ƙarar injin kowane jirgi a tungar, har na babanta mai tari kafin ya tashi. In Mairo na gyaran kifi, Yasira na gefe tana ba kifayen suna tana yi musu faɗa. Mairo takan ce, "Ke wagga ɗiya, bakinki ba ya ciwo?" Amma in yarinyar ta je gidan kakarta ta kwana biyu, sai ka ga Mairo tana ƙona kifi.

Tana shekara bakwai ta fara shan ruwa kamar an aiko ta. Ta sha, ta sha, ta koma ta sha. Yarinyar da ta daɗe da daina fitsarin kwance ta koma jiƙa tabarma. Tana ci tana ramewa. Wata safiya Mairo ta ga tururuwa sun yi baƙi ƙirin a inda yarinyar ta tsuguna bayan ɗaki, ta tsaya tana kallo, ta rasa dalili. An jiƙa saiwa, an yi rubutu, an yi hayaƙi. Sai da Yasira ta kasa ɗaga kai sannan aka sa ta a jirgi, aka sa ta a mota, sai asibiti a Yelwa.

Da likita ya ce ciwon suga ne, Yusha'u da ba ya magana sai da ya yi. "Suga kuma? Likita, ɗiyar da ko shayi sai da salla? Ai wannan ciwon alhazai ne masu tumbi."

Likita ya ce wannan daban ne, na yara ne, ba abin da ta ci ne ya jawo ba. Jikinta ne ya daina yin wani ruwa da ake kira insulin, kuma daga yau sai an riƙa ba ta shi da allura kullum, har iyakar ranta. Ya tura su wani babban asibiti a birni, inda wata ƙungiya ke ba yara irinta maganin kyauta.

A can Mairo ta haɗu da Sista Susan, wata gajeriyar ma'aikaciyar jinya mai faɗa da yawa da tausayi da yawa. Ita ta koya mata allura. Abin dariya, Mairo da ke farke cikin giwan ruwa ba ta ko ƙifta ido, da aka miƙa mata 'yar allura siririya sai ta kasa sokawa. Sista ta ce ta samo abin gwaji. Mairo ta zaro albasa daga ƙullin kayanta, albasar Yauri mai kai kamar dunƙulen hannu, ta yi ta soka mata allura har hannunta ya saba. Sai aka ba ta 'yar na'urar awo, wadda ake ɗiga jini a kan wani ɗan tsinke ta nuna yawan sugan. Tsinken sau ɗaya ake amfani da shi a yar. Ƙungiya na ba da kaɗan, sauran kai za ka saya.

"Maman Yasira, saurara da kyau," in ji Sista, tana riƙe da 'yar kwalbar maganin. "Wannan ruwan shi ne ran 'yarki. Ba ya son rana, ba ya son zafi. Sanyi yake so. Kuna da wuta a garinku?"

Mairo ta yi dariya. "Wutar itace dai, Sista."

Sai Sista ta koya mata dabarar tukunya: ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da tsumma mai laima, a ajiye a inuwa. Ba ta yi zancen firiza ba. To wa zai tsaya yana gargaɗin matar tsibiri a kan firiza? Hannah, wata mai ginin tukwane da ke ƙauyen gaɓar ruwa, wadda suka saba musayar kifi da tukunya, ita ta gina mata su daidai kwalaben, ta kuma ƙi karɓar ko sisi. Ta ce za ta sa yarinyar a addu'a ranar Lahadi.

Shekara biyu aka yi haka, kuma wallahi Mairo ta yi ƙoƙari. Ba ta taɓa tsallake allura ba, ko ranar da iska ta yaye rufin ɗakinsu. Yasira ta murmure, surutu ya dawo, ta shiga makaranta. Cinyoyinta da cikinta duk tabon allura, wani wurin ya yi tauri, amma ta daina kuka, sai dai ta kau da kai ta ce, "Inna, yi maza." Abin da ke cin Mairo shi ne tafiyar wata-wata. Jirgi zuwa Wara, mota zuwa Yelwa, wata motar zuwa birni, a kwana a barandar asibiti, a dawo. Kifin da Yusha'u ya kamo a kwanakin sai a sayar da shi ɗanye a wulaƙance, tunda mai banda ba ta nan. Ga kuɗin tsinken awo, wanda kullum ƙara tsada yake yi.

Wata ranar karɓar magani suna zaune a kan benci sai aka shigo da wata yarinya sa'ar Yasira, fes da ita, iyayenta sun zo ganin gida daga Abuja. Khaulat sunanta. A ƙugunta akwai wani ɗan abu kamar ƙaramar waya, da siririn bututu da ya shige ƙarƙashin rigarta. Can sai abin ya yi ƙara, tit-tit-tit. Uwar ta leƙa, ta danna, ta ci gaba da hirarta. Yasira kuwa ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba, ta matsa ta tambaya. Khaulat ta ce ita ba a yi mata allura kullum, wannan ne ke ba ta magani.

Yasira ta dawo da gudu. "Inna! Inna, ita ba a soka ta!"

Da suka shiga wurin Sista, Mairo ta tambaya. Sista ta yi ajiyar zuciya, kamar wadda aka sha yi wa tambayar. Ta ce na'ura ce mai ba da insulin da kanta. Tana jin sugan yaro dare da rana, in ya hau ta ƙara magani, in ya sauka ta rage, in abin ya fi ƙarfinta ta yi kuka a ji.

"Ta yi kuka?" in ji Mairo. "Ko uwa na barci?"

"Ko uwa na barci."

"Nawa take?"

"Maman Yasira, bar zancen nan."

"Sista, tambaya dai na yi. Ko injin jirgi ai ana faɗin kuɗinsa."

"To ta fi sabon injin jirgi. Kuma ba a nan tsadar take ba. Bututun nan da abin da ke manne a fata, duk 'yan kwanaki sai an sake sabo, kuma daga waje ake kawo su." Sista ta gyara zama. "A ƙasashen da ake yin ta, masana sun zauna sun yi lissafi. Wasu sun ce in aka duba kwanciyar asibitin da yaro zai kauce wa, da idonsa da ƙodarsa da za su daɗe lafiya, to ta ci kuɗinta. Amma mu nan, kuɗin guda ɗaya zai ba yara da yawa allura. In aka saya wa Yasira, su wa za a hana? Shi ya sa ƙungiya ba ta ko fara ba."

Magana ce ta gaskiya, ba wanda zai ce Sista ta yi ƙarya. Amma kai, akwai ciwo a ce an auna 'yarka a sikeli an ga ba ta kai ba! Mairo dai rabin farko ta ɗauka ta ƙulle a zaninta: ta ci kuɗinta. Wannan yare ne da ta sani. Injin da Yusha'u ya saya da bashi, shekara biyu ya mayar da kuɗinsa. Duk hanyar dawowa Yasira na yin tit-tit-tit da baki tana danna ƙugunta, fasinjoji na dariya, Mairo kuwa lissafi take yi.

Ta faɗa wa Yusha'u yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi a gindin bishiya.

"Innar Yasira, wanga abu ba namu ba ne."

"Mi ya sa ba namu ba ne? Ɗiyar Abuja jini biyu gare ta?"

"Ko mun sai da jirgi da inji ba mu kai."

"Ban ce ka sai da komi ba, Malam. Ni za ni tara."

Ta shiga adashen matan kasuwa, zubi mai nauyi wanda ya fi ƙarfinta. Gaskiyar magana, da za ta shekara ashirin tana zubin nan ba za ta kai ba, amma ba wanda ya iya gaya mata, ita ma ba ta tambaya ba. Sai ta fara duba inda kuɗi ke zurarewa. Na farko tsinken awo. Yarinya lafiyarta lau, allura ba fashi, abinci a kan ƙa'ida, to awon safe da yamma na mene ne? Ta mayar da shi sau ɗaya, daga nan sai in ta ga alama, daga nan sai iya wanda ƙungiya ta bayar, in ya ƙare ya ƙare. Na biyu tafiya. Ta roƙi Sista ta haɗa mata maganin wata uku a tafiya ɗaya.

Sista ta so ta ƙi. Amma hanya ba lafiya a lokacin, ana yawan tare motoci, kuma cikin duk iyayen da ke zuwa ba wadda ta amince wa kamar Mairo. Ta haɗa mata. "Ki dai kula, bazara ce. Kada zafi ya taɓa shi."

Wannan kalma ita ta hana Mairo sukuni a mota. Bazarar bana ba ta wasa ba ce, yashin tukunya kafin azahar ya bushe ƙayau. Kwalba ɗaya tukunya za ta riƙe, amma na wata uku? Suna isa Wara dabara ta faɗo mata, har ta ji haushin kanta da ba ta tuna ba tuntuni. Haliru!

Haliru taubashinta ne, ɗan kawunta, mai sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa. Yana da manyan firiza da janareta da farantai masu zuƙar rana a kan rufi, masu lodin kifi duk wurinsa suke saye. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"A'a, Mai hayaƙi! Yau kuma mi kinka zo ƙonawa?"

"Rufe mini baki, Sarkin sanyi, mai hannu kamar na kuturu. Amana na kawo maka."

Da ta kwance ƙullin ta yi masa bayani, wasa ya bar fuskarsa. Yana ƙaunar Yasira, shi ke ɓoye mata gyaɗa in sun zo kasuwa. Ya karɓi kwalaben da hannu biyu, ya naɗe su a leda, ya buɗe firizar da ta fi kowace ƙarfi, ya ɗaga kifayen da ke ciki ya sa kwalaben can ƙasa. "Nan ko wuta ta ɗauke kwana uku ba ya narkewa. Maganin ɗiyata ba ya zama sama-sama." Mairo ta ciro kuɗi, ya ce in ta sake nuna masa kuɗi sai ya jefa ta tafki. Ta koma gida ranar zuciyarta wasai, ta ga ta yi wa 'yarta irin gatan masu hali. Har wata Murjanatu ta wajen Ngaski, mai ɗa da irin ciwon, da suka haɗu a kasuwa Mairo ta ba ta shawara ta daina wahala da tukunya, ta kai wa Haliru.

Da tsohuwar kwalba ta ƙare, ta je ta karɓo ɗaya a wurin Haliru. Ta yi tauri kamar dutse. Mairo ta riƙe ta a tafin hannu cikin jirgi har ta narke, tana jin daɗin sanyin. Ta lura da wasu 'yan gudaji-gudaji manne a jikin kwalbar, ta girgiza da ƙarfi, ta ga kamar sun baje. Ta sa a tukunya.

Ba a yi mako ba Yasira ta fara yawan shan ruwa. Mairo ta ce zafi ne, wa ba ya sha a wannan bazara? Tsinken awo ya ƙare, na'urar na kwance a cikin gwangwani, kuma ranar zubin adashe ta matso. Sai tabarma ta fara jiƙewa. Sai wata safiya ta zaga bayan ɗaki ta ga tururuwa.

Nan fa hankalinta ya tashi, kuma tsoro ya juye ya zama faɗa. Allura ba ta yi fashi ba, magani yana samun sanyin da bai taɓa samu ba, to saura me? Lokacin mangwaro ne, jirage na shigowa da shi, yara na yawo da shi a hannu. Ta damƙo yarinyar.

"Mi kinka ci?"

"Ban ci komi ba, Inna."

"Mangwaro ko rake? Wa ya ba ki alewa?"

"Wallahi Inna ban ci ba."

"Ƙarya kike yi! Ina nan ina kashe kaina a hayaƙi don in sai miki abin Khaulat, ke kina bin bayana kina lasar zaƙi!"

Ta kai mata duka a baya, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ciwon ya same ta. Yasira ta yi kuka har da shessheƙa, tana ta rantsuwa. Mairo ta hana ta fita wasa, ta ƙara mata maganin kaɗan kamar yadda Sista ta taɓa nuna mata. Ba abin da ya sauya. Surutu ya ɗauke. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar itace a murhu.

Da amai ya fara da ciwon ciki, maƙwabta suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, yana yawo. Aka karɓo magani wurin mai kemis na tungar. Washegari da hantsi Mairo ta sunkuya za ta ɗaga Yasira, ta ji bakinta na wari kamar mangwaron da ya nuna ya wuce, numfashinta kuma mai zurfi, tana ja tana saki kamar wadda ta yi gudu. Irin numfashin ranar da aka fara kai ta asibiti. Mairo ta ƙwalla wa Yusha'u kira da sunansa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

Injin ya yi tarinsa kafin ya tashi. Iska ta taso, ruwa na dukan jirgi, tafiyar da aka saba yi ba a ji ba ta zama doguwa. Mairo na rungume da ita, ta yi mata inuwa da mayafi. A tsakiyar tafki Yasira ta buɗe ido da ƙyar.

"Inna."

"Na'am, auta. Mun kusa."

"Ban ci mangwaron ba."

"Na sani. Yi shiru."

Amma ba ta sani ba. Ko a lokacin, Allah ya gani, a ranta tana cewa yarinyar ta ci.

Kafin mota ta kai su Yelwa Yasira ta daina amsawa. A asibiti aka sa mata ruwa, aka auna sugan, na'urar ta kasa faɗin adadi don yawansa. Likita ya tambaya kwana nawa ba a yi mata allura ba. Mairo ta fusata, ta zaro kwalbar daga ƙullin tsumma mai laima, ta ce ko sau ɗaya ba ta yi fashi ba, a tambayi Sista Susan. Yusha'u ya kira lambar Sista ya miƙa mata waya.

Sista ta yi ta jero tambayoyi. Nawa take ja a allura? A ina take sokawa? Yaushe ta yi awo na ƙarshe? Mairo ta ce tsinke ya ƙare. Sista ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Maganin fa, zafi bai taɓa shi ba?"

"Haba Sista! Zafi ina? A firiza yake, wurin ɗan'uwana mai ƙanƙara. Can ƙasa ya sa shi. Sai ya yi tauri kamar dutse nake ɗaukowa."

Mairo ta cire wayar daga kunne ta duba, ta ɗauka katsewa ta yi.

"Sista?"

"Maman Yasira." Muryar ta sauya. "Ya daskare?"

"Ƙwarai. Ba ke kinka ce sanyi yake so ba?"

"Wayyo Allah. Sanyi na ce, ban ce ƙanƙara ba. In ya daskare ya lalace, ko ya narke ba ya aiki yadda ya kamata. Ban gaya miki ba. Ban taɓa zaton... Ba likita waya, maza."

Mairo ta miƙa wayar. Ta zauna a ƙasa a barandar, kwalbar na hannunta. Makonni tana tashi da asuba tana wanke hannu, tana bismilla, tana soka wa 'yarta abin da bai fi ruwa ba. Ta kuma doke ta a kan mangwaron da ba ta ci ba. Da tsinke ɗaya ta ɗiga wa jini a makon farko, da ta gani. Da abin Khaulat ne a ƙugun yarinyar, da ya yi ta kuka har tungar ta taru. Ita da ta yi tsimi don ta sayi mai kuka, sai ta toshe ɗan idon da take da shi.

Likitoci sun yi iya yinsu, an kawo magani mai kyau, an yi ta sauya ruwa. Yasira ba ta farka ba. Washegari kafin la'asar ta cika.

Aka yi zaman makoki a Tungar Wakili cikin zafin da ko tsofaffi sun ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Hannah ta zo da mutanen ƙauyensu suka zauna tare da kowa. Mairo ba ta gaya wa kowa firiza ce sanadi ba, Yusha'u kuwa dama ba mai magana ba ne. Mutane na cewa kwana ne ya ƙare, tana cewa haka ne.

Ranar uku sai ga Haliru a jirgin haya, da manyan ƙanƙara a buhu, sadakarsa ga masu zaman makoki. Aka farfasa aka zuba a randuna, mutane na ta sa masa albarka. Ya zo ƙofar ɗakin da mata suke, ya tsuguna, idanunsa sun kumbura. Bai ce Mai hayaƙi ba.

"Mairo, ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ce."

"Amin."

Ya turo wata 'yar kula gabanta. "Ga sauran maganin. Na cika ta da ƙanƙara don kada ya lalace a hanya. Na ce ko a ba wani yaro, lada ya kai mata."

Mairo ta buɗe. Kwalabe biyu, sun yi fari da sanyi. Ta daɗe tana kallonsu. Ta so ta ce ta gode ta rufe, ya tashi ya tafi da zuciyarsa lafiya, don bawan Allahn nan bai yi komai ba sai alheri.

"Ita ma Murjanatun da kinka turo ta kawo na ɗanta shekaranjiya," in ji shi. "Na sa mata wuri ɗaya da naki."

Mairo ta rufe ido.

"Haliru, koma yanzu. Ka nemi matar nan, ka ce kada ta soka wa ɗanta ko ɗigo. Ta koma wurin Sista a ba ta wani."

"Lafiya? Mi ya faru?"

"Ƙanƙara kashe shi take yi. In ya daskare ya zama ruwa."

Ya dube ta, ya dubi kular, ya sake dubanta. Ta ga lokacin da maganar ta isa. Bakinsa ya buɗe, ya dafa ƙasa da hannu biyu kamar wanda jirgi ya juya da shi.

"Mairo... can ƙasa na sa shi. Ni da hannuna."

"Ni na kawo maka. Tashi ka tafi, rana na yi."

Ya tashi yana tangaɗi ya nufi bakin ruwa, ko takalmansa bai tsaya ɗauka ba. Ya samu Murjanatu a ranar, ba ta kai ga buɗe kwalba ko ɗaya ba. Ɗanta yana nan da ransa, yakan zo kasuwar Wara da ita, ya yi tsawo.

A ɗakin kuwa matan ba su ji abin da aka faɗa a ƙofa ba. Ana ta zagayawa da ruwan randa a kofin silba, kowa ta sha ta ce Allah ya saka wa Haliru. Kofin ya iso hannun Mairo, ya yi raɓa a jiki, 'yar ƙanƙara na yawo a sama. Wata tsohuwa ta ce, "Sha mana, ɗiyata, tun jiya ba ki sa komi a baki ba."

Mairo ta riƙe kofin har sanyin ya ratsa tafin hannunta. Sannan ta miƙa wa ta kusa da ita.